Jinkirta Haraji a Cinikin Gidan Haya: Bayani a kan Sashe na 1031 na Dokar Harajin Amurka

1.0 Gabatarwa

A maganar yau da kullum ba kasafai ake tsayawa a bambance tsakanin wanda aka yafe wa haraji da wanda aka ɗaga wa ƙafa ba, tun da dukkansu sun kwana da kuɗinsu a aljihu. A harshen doka kuwa akwai tazara mai faɗi tsakaninsu. Wanda aka yafe wa ya fita daga bashi ke nan, shi kuwa wanda aka jinkirta wa, bashin yana nan a wuyansa, ranar biya kawai aka matsar gaba. Rashin lura da wannan bambanci ya sa ake cin karo da kalmomin "yafewa", "kaucewa" da "jinkirtawa" a fassarar labaran tattalin arziki kamar ma'anarsu ɗaya ce.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda jinkirta haraji yake aiki a aikace, ta hanyar duba misali guda, wato tanadin da dokar Amurka ta yi wa mai sayar da kadarar da ya mallaka domin neman riba, kamar gidan haya, ko gona, ko rukunin shaguna. Za a duba tushen tanadin da sharuɗɗansa, sannan a auna abin da mai kadara ke samu da abin da yake rasawa idan ya zaɓi jinkiri. A kan hanya za a riƙa nuna kalmomin Hausa da suka dace da kowane ra'ayi, domin yawancinsu suna nan a bakin 'yan kasuwa tun da daɗewa, ba sai an ƙirƙiro sababbi ba.

2.0 Abin da Ake Ɗora wa Haraji

Harajin da ake magana a kai ba ya hawa kan dukkan kuɗin ciniki. Yana hawa ne kan riba, wato abin da ya rage bayan an fitar da uwar kuɗi. Sai dai uwar kuɗi a lissafin hukuma ba ita ce ainihin abin da mai gida ya biya ranar saye ba. Doka tana ɗaukar cewa gini yana tsufa, don haka ta yarje wa mai gidan haya ya riƙa cire wani kaso na kuɗin ginin daga kuɗin hayar da zai biya wa haraji kowace shekara. Wannan shi za a kira ragin tsufa. Ana raba kuɗin ginin gidan zama a kan shekara 27 da rabi, na ginin kasuwanci kuma a kan shekara 39. Fili ba ya tsufa, saboda haka ba shi da ragi. Duk abin da aka cire da sunan tsufa, ana rage shi daga uwar kuɗi, kuma ranar sayarwa hukuma za ta dawo ta nemi rabonta a cikinsa.

Alal misali, a ƙaddara wani mutum ya sayi gidan haya a jihar Teksas, inda babu harajin jiha a kan kuɗin shigar mutum, a kan dala 330,000: fili dala 55,000, gini dala 275,000. Ragin tsufansa dala 10,000 ne a shekara. Bayan shekara 12 ya cire dala 120,000, uwar kuɗinsa ta koma dala 210,000. Idan ya sayar da gidan, aka fitar da la'ada da sauran ɗawainiya, ya tashi da dala 600,000, to ribarsa a idon hukuma dala 390,000 ce, ko da yake shi a ransa dala 270,000 yake ganin ya ci.

Ribar nan kashi biyu ake yi mata. Dala 120,000 ta ragin tsufa tana ɗaukar haraji har zuwa kashi 25 cikin 100, wato dala 30,000. Ragowar dala 270,000 tana ɗaukar sifiri, ko kashi 15, ko kashi 20, gwargwadon ƙarfin samun mutum. A kashi 15, dala 40,500 ke nan. Bugu da ƙari, tun daga 2013 akwai ƙarin kashi 3.8 a kan ribar jari ga wanda samunsa ya haura dala 200,000 a shekara, ko dala 250,000 ga ma'aurata masu haɗa lissafi. Idan wannan ƙari ya hau kan ribar gaba ɗaya, dala 14,820 ne. Jimilla, mutumin zai miƙa wa gwamnatin tarayya kimanin dala 85,000. Wannan kuɗi shi ne abin da ake ja-in-ja a kansa.

3.0 Tushen Tanadin da Sharuɗɗansa

Tanadin ya samo asali ne daga dokar haraji ta 1921, shekara takwas bayan kafa harajin kuɗin shiga na tarayya a 1913, kuma ya sami lambarsa ta yanzu, Sashe na 1031, a kundin 1954. Hujjarsa mai sauƙin fahimta ce ga duk wanda ya san cinikin furfure, irin na ba ni gishiri in ba ka manda. Manomin da ya ba da gonarsa aka ba shi wata gona bai riƙe ko kwabo ba. Dukiyarsa tana nan a ƙasa kamar jiya, wuri kawai ta sauya. Ɗora masa haraji a wannan rana tilasta masa sayar da wani abu ne domin ya biya. Don haka aka ce a bar shi, sai ranar da ya mayar da ƙasar kuɗi.

Da farko ana ɗaukar musayar a matsayin ta hannu da hannu, a rana guda. Abin da ya sauya wannan fahimta shi ne shari'ar T. J. Starker, wani mai gandun itatuwan katako a jihar Oregon. A 1967 shi da iyalinsa suka miƙa wa kamfanin Crown Zellerbach gandunsu bisa yarjejeniyar cewa kamfanin zai samo musu wasu kadarori a madadinsa cikin shekara biyar. Hukumar haraji ta ce wannan sayarwa ce tsantsa. A 1979 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa musaya ba ta ɓaci don an sami tazarar lokaci tsakanin bayarwa da karɓa ba. Majalisar Dokoki ta amince da ƙa'idar, amma ta ga shekara biyar ta yi yawa, sai ta ƙayyade wa'adi a 1984. A 2017 aka sake taƙaita sashen, ta yadda daga 2018 bai shafi motoci, da jirage, da injuna, da dabbobi ba, sai ƙasa da gini kaɗai.

Wa'adin guda biyu ne, kuma daga rana ɗaya suke fara ƙirguwa, wato ranar da aka miƙa tsohuwar kadara ga mai saye. Cikin kwana 45 dole mai kadara ya ambata a rubuce kadarar da yake nufin karɓa. Yana iya ambata guda uku komai tsadarsu, ko fiye da uku muddin jimillar darajarsu ba ta wuce ninki biyu na wadda ya sayar ba. Cikin kwana 180 kuma dole ya kammala saye. Ana ƙirga Asabar da Lahadi da ranakun hutu, kuma ba a ƙara ko kwana ɗaya sai idan gwamnati ta ayyana wani bala'i a yankin. Akwai wani tarko a nan: idan ranar miƙa takardun harajin shekara, wadda yawanci 15 ga Afrilu ce, ta riga cikar kwana 180, to wa'adin ya ƙare a ranar, sai fa in mutum ya nemi ƙarin lokacin miƙa takardun. Wanda ya sayar da gida a watan Disamba ya manta da wannan, ya yi asarar kusan wata biyu.

Sharaɗi na gaba shi ne kada kuɗin cinikin ya shiga hannun mai kadara ko asusunsa, ko da na dare ɗaya ne. Ƙa'idojin da Ma'aikatar Kuɗi ta fitar a 1991 sun tanadi wani na uku da zai karɓi kuɗin ya ajiye, sannan ya biya mai sabuwar kadara. Mai fassara zai yi saurin kiran wannan mutum "dillali", kuma zai yi kuskure. Dillali wakilin mai kaya ne, alhali doka ta hana wanda ya yi wa mai kadara aikin dillanci, ko lauya, ko akanta, a cikin shekara biyu da suka gabata, ya riƙe wannan matsayi. "Mai riƙon amana" ya fi kusa da ma'anar. Amanar kuwa takan ci tura. A watan Nuwamba na 2008 kamfanin LandAmerica 1031 Exchange Services ya durƙushe bayan ya zuba kuɗin masu ajiya a wasu takardun jari da kasuwarsu ta tsaya cik. Ɗaruruwan mutane suka wayi gari kuɗinsu a ɗaure a kotu, wa'adin kwana 180 kuma yana tafiya.

Kalmomi biyu sun cancanci a ɗan tsaya a kansu. Ta farko ita ce "iri". Doka ta ce a musanya kadara da irinta, kuma mai jin Hausa zai ɗauka gida sai da gida, gona sai da gona. Abin ya fi haka faɗi nesa ba kusa ba: ana iya ba da fili fetal a karɓi bene mai hawa goma, ko a ba da gona a karɓi shaguna, muddin dukkansu na neman riba ne ko na sana'a. Gidan da mutum yake zaune a ciki ba ya shiga, haka ma gidan da aka saya domin a gyara a sayar nan take, domin wannan haja ce. Kalma ta biyu ita ce "ciko", wadda duk mai musayar babur ko waya a kasuwa ya san ta. Idan mutumin misalinmu ya karɓi gidan dala 550,000 aka ba shi cikon dala 50,000, to cikon nan zai biya wa haraji a shekarar. Bashin da aka sauke masa ma ciko ne a idon doka: wanda ake bin tsohon gidansa dala 200,000, sabon kuma dala 150,000, ana ɗaukar ya karɓi dala 50,000, sai in ya cike giɓin da kuɗin aljihunsa.

4.0 Auna Riba da Hasara

Amfanin jinkiri a fili yake. Mutumin da ya biya haraji zai shiga kasuwa da dala 515,000, wanda ya jinkirta kuma da dala 600,000 cif. Dala 85,000 da ke tsakani tamkar rance ne daga gwamnati, marar ruwa, marar ranar biya. Idan kadara tana kawo kashi 6 cikin 100 a shekara, rancen nan yana haifar masa da dala 5,100 duk shekara. Masu tallar wannan tsari yawanci a nan suke dasa aya.

Abin da ba su cika faɗa ba shi ne tsohuwar uwar kuɗi tana bin mutum zuwa sabon gida. Wanda ya musanya gidansa da na dala 600,000, uwar kuɗinsa tana nan a dala 210,000, kuma zai ci gaba da cire ragin tsufa na dala 10,000 a shekara har ragowar ta ƙare. Da a ce ya biya harajin, ya ranto ciko ya sayi wannan gida, da uwar kuɗinsa ta zama dala 600,000. Idan ginin ya kai dala 500,000 a ciki, raginsa zai haura dala 18,000 a shekara. Bambancin dala 8,000 ɗin nan, ga mai biyan kashi 24 cikin 100 a kan samunsa, ya kusa dala 2,000 a shekara. Ke nan ainihin amfanin jinkirin ya sauko daga dala 5,100 zuwa kimanin dala 3,100. Har yanzu riba ce, amma ba ta kai yadda ake kururuta ta ba.

Daga nan sai matsalar kwana 45, wadda ita ce ta fi cin mutane. Mai neman gida da agogo a kansa ba ya iya taya kaya yadda ya kamata, kuma mai sayarwa yakan gane haka. Idan gaggawa ta sa mutumin ya biya kashi 5 cikin 100 fiye da ƙimar gidan, dala 30,000 ta tafi, wato amfanin kusan shekara goma na jinkirin. Wannan hasara ba ta fitowa a takardar haraji, shi ya sa ba a ganin ta. Gudun haraji ya sa mutane da yawa sun saki gida mai kyau sun kama wanda rufinsa ke yoyo, a unguwar da ba su sani ba. Wanda bai riga ya ga kadarar da zai saya ko da babu batun haraji ba, bai kamata ya fara ƙirga kwanakin ba.

Sannan babu wanda ya san adadin harajin da zai tarar a gaba. Mafi girman kaso a kan irin wannan riba kashi 28 ne a farkon shekarun 1990, ya sauko zuwa 20 a 1997, ya sake saukowa zuwa 15 a 2003, sannan ya hau zuwa 20 a 2013, ga kuma ƙarin 3.8. Wanda ya jinkirta a 1995 ya sayar a 2004 ya ci riba biyu. Mai babban samu da ya jinkirta a 2005 ya sayar a 2015 kuwa, ya guje wa kashi 15 ne ya faɗa wa 23.8. Shi kansa sashen ba a rabu da kai masa hari ba: a 2021 gwamnatin Shugaba Biden ta nemi a taƙaita ribar da mutum zai iya jinkirtawa zuwa dala 500,000 a shekara, amma Majalisa ba ta zartar ba. Jihohi ma suna da nasu. Kalifoniya, tun daga 2014, tana tilasta wa wanda ya musanya kadarar cikinta da ta wata jiha ya riƙa aiko mata da rahoto duk shekara, domin ranar da ya sayar ta karɓi rabonta ko ina yake.

Akwai yanayin da biya nan take ya fi. Wanda samunsa ya faɗi a shekarar, saboda ritaya ko rashin aiki, wani ɓangare na ribarsa na iya faɗawa a kason sifiri. Wanda ya tafka hasara a hannun jari yana iya goge riba da ita. Haka kuma hasarar gidan haya da doka ta hana mai gida cirewa a shekarun baya, tana jiran ranar sayarwa ta gaskiya ne kafin a sake masa ita gaba ɗaya. Musaya ba ta buɗe wannan ƙofa. Wanda kuma ya gaji da rigimar 'yan haya, jinkiri ba zai fitar da shi ba, sabon gida kawai zai ba shi da sababbin 'yan haya. Irin wannan mutum yana da wata hanya, wato ya sayar bisa biya kaɗan-kaɗan, ya riƙa biyan haraji gwargwadon abin da ya shigo hannunsa kowace shekara, tare da ɗaukar kasadar mai saye ya gaza.

5.0 Inda Jinkiri ke Zama Yafewa

An faɗa tun farko cewa jinkiri ba yafewa ba ne. Akwai wuri ɗaya da wannan magana take karyewa, shi ne mutuwa. Sashe na 1014 ya tanadi cewa magada suna karɓar kadara da sabuwar uwar kuɗi daidai da darajarta a ranar rasuwar mai ita. Idan mutumin misalinmu ya yi ta musaya, daga gida ɗaya zuwa huɗu, daga huɗu zuwa rukunin benaye, har ya rasu ya bar kadarar dala miliyan 2, 'ya'yansa na iya sayar da ita washegari a kan wannan kuɗi ba tare da harajin riba ko na sisi ba. Dala 85,000 ta farko, da duk abin da ya taru a kanta, sun bi shi kabari. Doka ba ta iyakance yawan musayar da mutum zai yi ba. Wannan haɗuwa ta sassan biyu ita ce ainihin ƙarfin tsarin, kuma ita ce dalilin da masu suka ke cewa an gina shi ne domin wanda yake da wadatar da ba zai taɓa buƙatar taɓa uwar kuɗinsa ba. Sukar tana da ƙamshin gaskiya. Mai gida ɗaya da zai sayar domin kuɗin makarantar 'ya'ya ko jinyar tsufa, ƙarshenta sai ya biya. Mai gida hamsin ne yake iya jira.

Saboda haka shekarun mai kadara suna cikin lissafi. Ɗan shekara 75 da ke da abin da zai ci daga haya, kuma yake nufin barin gidan ga magada, kusan babu hujjar da za ta sa ya biya yau. Ɗan shekara 40 da ya san zai buƙaci kuɗin cikin shekara uku ko huɗu, abin da zai samu bai taka kara ya karya ba idan aka fitar da ladan mai riƙon amana da kasadar gaggawa.

Ra'ayin jinkiri ba baƙo ba ne a Nijeriya. Dokar harajin ribar kadara ta 1967, wadda ta daɗe tana karɓar kashi 10 cikin 100, ta yi irin wannan tanadi ga wanda ya sayar da kadarar da yake sana'a da ita ya maye gurbinta da wata, kafin Dokar Haraji ta 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, ta shafe ta. Amma inda dokar Amurka ta fi taɓa ɗan Nijeriya kai tsaye shi ne batun komawa gida. Tun daga 1989 doka ta fayyace cewa kadarar da ke cikin Amurka da wadda ke wajenta ba iri ɗaya ba ne. Likita ko injiniyan da ya shekara 30 yana aiki a can, ya yi niyyar sayar da gidan hayarsa ya gina wani a Abuja, ko Inugu, ko Kano, ba shi da hanyar jinkiri. Ranar da ya yanke shawarar kwaso dukiyarsa, ranar bashin ya nuna.

Idan kuma ya ce zai bar gidan a can ya dawo, domin magada su ci moriyar Sashe na 1014, sai ya duba takardunsa da kyau. Harajin gado na tarayya, wanda ke kaiwa kashi 40 cikin 100, ba ya taɓa ɗan ƙasa ko mazaunin dindindin sai dukiyarsa ta haura dala miliyan 15, bisa adadin da ya fara aiki a 2026. Wanda ba ɗan ƙasa ba ne, kuma ya tattara ya mayar da mazauninsa wata ƙasa, dala 60,000 kacal ake ɗauke masa daga kadararsa da ke Amurka. A kan gidan dala 600,000, harajin gadon da zai hau kan magadan irin wannan mutum ya ninka dala 85,000 da ya yi shekaru yana gudu fiye da sau biyu. Idan ma ya sayar da gidan da ransa bayan ya zama baƙo a idon hukumar haraji, doka ta wajabta wa mai saye ya riƙe wani kaso na dukkan kuɗin cinikin, wanda ya zama kashi 15 cikin 100 tun daga 2016, ya miƙa wa hukuma, sai daga baya mai gidan ya cike takardu ya nemi a mayar masa da abin da ya haura harajinsa na gaskiya.